Kashi Shida Cikin Ɗari

Kafin wani ya kira ni mai taurin kai, ku bari na fara gaya muku sana'ata, don a nan rigimar ta samo asali. Kashi nake dubawa. E, shi dai wanda kuka sani, na yara ƙanana. Iyaye mata su kawo min a 'yan robobi masu murfi, na laƙato da tsinke na shafa a gilashi, na sa a madubin likita ina ƙirga ƙwan tsutsar ciki. Digiri uku na yi kafin a ba ni wannan kujera, kuma ko kaɗan ba na jin kunyarta. Gwaggo, yayar babana, ita ce take jin kunyar a madadina. In ƙawayenta suka tambaye ta aikina sai ta ce, "Tana asibiti," ta yi maza ta sako zancen tsadar gas.

Abin da ya hana ni sakat shi ne, maganin tsutsar da ake raba wa yara a makarantu ya fara ƙin aiki a wasu unguwanni. Yaro ya sha, ba a jima ba uwarsa ta dawo min da roba, na duba na ga ƙwai fal kamar ba a ba shi komai ba. Ga ciki a kumbure, ga ido fari fat saboda ƙarancin jini. Ina son na san dalili. Sanin dalili sai da kayan aiki, kayan aiki sai da tallafi, tallafin kuwa hukumar gwamnati mai kula da binciken lafiya ce take bayarwa sau ɗaya a shekara. Sau biyu ina nema, sau biyu suna aiko min da "muna baƙin cikin sanar da ke". A dokarsu, bincike in ya faɗi sau uku ba a sake kawo shi. Aikina kuma na wucin gadi ne, jami'a ta riga ta faɗa mana wanda bai kawo tallafi ba bana ya tattara komatsansa. Kun ga ke nan wannan ne zuwana na ƙarshe.

Duk shekara hukumar tana fitar da jadawali, fanni-fanni, mutum nawa suka nema, nawa suka samu. Na bana da ya fito, masu ciwon daji kashi ashirin da huɗu cikin ɗari suka dace. Masu ciwon zuciya sha tara, masu ƙwaƙwalwa sha bakwai. Sai ka gaji da jan shafin ƙasa kafin ka iso gare mu, masu tsutsa da ƙwari da sauran cututtukan marasa gata. Kashi shida.

Yanzu bari na kawo muku Dakta. Binciken ciwon daji yake yi a hawa na uku na gininmu a jami'a, inda suke da na'urar sanyaya ɗaki da kujeru masu juyawa. Mu muna ƙasa, kusa da wurin wanki. A bakin babban firjin ginin muka haɗu, ya tambaye ni me ke cikin robobina, na faɗa masa kai tsaye ina jiran ya yamutsa fuska. Bai yamutsa ba. Cewa ya yi, "Nuna min." Ya bi ni har bencina, teburin da nake aiki a kai, ya leƙa madubi, ya ɗago yana murmushi ya ce daga yau sunana Gimbiyar Tsutsa. Ina son shi, ba zan ɓoye muku ba. Ina son tsayinsa, ina son yadda yake naɗe hannun riga in zai yi bayani, ina son yadda yake gaida masu shara ɗaya bayan ɗaya. Takardar neman tallafin nan ma shi na fara tura wa ya duba min kurakurai, don ban ga wanda ya fi shi kusa da ni ba.

Ranar Asabar da la'asar ya zo gidanmu. Mama ta sa an cire lulluɓin kujerun falo, an fito da kofunan gilashin da ba a taɓawa sai baƙon kunya. Na sa doguwar riga ruwan zuma mai ƙananan duwatsu a wuya, na yafa mayafi ruwan madara, na sa 'yan kunnen da ya kawo min daga wani taro da ya je. Gwaggo ta bi ni da turare tana fesawa har sai da na yi atishawa.

"Gwaggo, na yi wanka fa."

"Na sani. Wannan na aikin ne."

Shi kuwa farar riga ya sa mai ɗinkin hannu a ƙirji, agogo baƙi, takalmi na sheƙi. Na zata gaisuwa zai yi ya nemi a turo ni. Sai na ga ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar Baba ya ciro waya.

"Baba, wata shawara na zo da ita a kan aikin Auta. Na ga gara na faɗa a gaban manya."

Baba malamin makaranta ne mai ritaya, ba abin da yake so irin a nuna masa lissafi. Ya gyara tabarau. Dakta ya buɗe jadawalin nan yana ja da yatsa.

"Ka ga fannina, kashi ashirin da huɗu. Ka ga nata, kashi shida."

"Kashi nawa ka ce?" Gwaggo ta tsoma baki.

"Shida, Gwaggo."

"Kai, gwamnati ba ta da adalci. Yarinyar da take cikin kashi safe da yamma, a ce shida kacal za a ba ta?"

Mama ta toshe baki da mayafi, Baba ya yi tari don kada dariya ta ƙwace masa. Ni ma na murmusa, ban san gatarin da ke tafe ba.

Dakta ya ci gaba. Ya ce a takardar akwai wani gurbi da ake zaɓar fanni, shi ne yake yanke kwamitin da zai karanta ta. Ya ce akwai wata tsutsa, mai kawo tsargiya, wadda in ta daɗe a jiki tana iya jawo ciwon daji a mafitsara. To, in aka sa kalmar "daji" a kan takardata, aka ƙara sakin layi biyu, aka zaɓi fanninsa, shi ke nan ta bar layin shida ta koma layin ashirin da huɗu.

"Kalma ɗaya ce tal, Baba. Sai dai kwamitinmu ba sa yarda da jagoran binciken da bai taɓa aikin daji ba. Don haka sunana zai hau sama, nata ya biyo baya. Tunda dai abin duk gida ɗaya zai koma, in sha Allah."

"Masha Allah!" in ji Mama. "Ka ga namiji."

Wallahi ji na yi kamar an watsa min ruwan zafi a bayan wuya. Shekarun da na yi ina bin gidaje da akwatin ƙanƙara, ina roƙon iyaye su yarda su ba ni abin da kowa ke gudu, shi ne za a ɗauke a sa a ƙarƙashin sunan wanda sau ɗaya ya taɓa leƙa madubina? Baba ya juyo ya dube ni.

"Auta, ke me kika ce?"

Ku gaya min, ta ina zan fara musu da saurayina a gaban mahaifina? Na sunkuyar da kai ina murza bakin mayafi, ina tattara kalmomin da ba za su zama rashin kunya ba. Kafin na gama tattarawa Gwaggo ta riga ni.

"Me za ta ce? Ba ka ga ta sunkuyar da kai ba? Ai ta amsa."

Da na raka shi mota sai bakina ya buɗe.

"Tsutsata ba ta kawo daji, Dakta. Ta hanji ce, ba ruwanta da mafitsara."

"Ai 'yar'uwarta tana kawowa. Dangi ne."

"Ni da Gwaggo ma dangi ne, amma ba za ka aure ta a madadina ba."

Ya yi dariya har da dafa mota. "Gimbiya, kowa haka yake yi. Ke kaɗai ce kike shiga ruwa da kayanki."

"Ni dai ban ce e ba."

"Ba ki kuma ce a'a ba," ya faɗa yana tada mota.

Kafin na cire 'yan kunne saƙonsa ya shigo: "Kin yi kyau yau. Ki bar min komai, ke dai ki huta." Ya haɗa da hoton zuciya guda uku. Na rubuta "Kada ka taɓa min takarda," na ga ya yi kaushi na goge. Na rubuta "Sai mun yi magana tukuna," na tura. Ya amsa da hoton babban yatsa.

Kwanakin da suka biyo baya gidanmu ya koma kotu. Mama ta ce ita ba ta san boko ba, amma ta san ashirin da huɗu ya fi shida. Gwaggo ta ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, wai Allah ya kawo wanda zai tsamo ni daga masai ina turjewa. Na ce mata zanen aro ba ya rufe katara. Ta ce to na zauna tsirara. Baba dai kallona kawai yake yi ta saman tabarau.

Ranar da za a rufe karɓar takardu na shiga ofishin Farfesa da safe. Ita ce shugabar sashenmu, dattijuwa ce gajeriya mai furfura, ta ƙarar da ƙuruciyarta a kan tsutsa. Na zayyana mata komai ina jiran ta ce na tsaya a kan gaskiyata. Sai ta cire safar hannu ta jefa a kwandon shara ta zauna.

"Ki karɓa, 'yata."

"Ranki ya daɗe?"

"Ki karɓa na ce. Ba ni da ƙarfin riƙe miki bencin nan in kika faɗi. Yaran da na koyar, fiye da rabi haka suka yi. Wannan ya laƙaba wa aikinsa zuciya, wancan ya laƙaba ƙwaƙwalwa, duk sun samu. Ban ga laifinsu ba, kowa da bakin da yake ciyarwa."

"To ke me ya sa ba ki taɓa yi ba?"

Ta juya ta dubi tagar da ba ta buɗuwa.

"Kin san yadda hukuma take raba kasonta? Yawan masu nema take dubawa. Duk wanda ya gudu daga layinmu, sai a rubuta cewa masu buƙata sun ragu, baɗi a ƙara yanke mana. Da muna da yawa. Yanzu an ce in muka ƙara raguwa za a rushe kwamitinmu gaba ɗaya. Sai likitocin zuciya su riƙa karanta takardar tsutsa." Ta miƙe ta ɗauki sabuwar safa. "Amma wannan damuwata ce, ba taki ba. Ke yarinya ce, ga aure a gabanki."

Na fito na zauna a bencina. A gefen madubi akwai robobin safiyar nan a jere, kowacce da lambarta. Na ɗauki ta wata yarinya da na sani, wadda uwarta take goyo ta taho da ita a ƙafa duk da ta isa shiga aji biyu, don in ta yi tafiya kaɗan haki take yi. Ta sha maganin har sau biyu. Na shafa, na leƙa, ƙwai suna nan birjik. In na bi Dakta, rabin aikin zai koma mafitsara, don abin da ka rubuta shi za a zo a tambaye ka. Yarinyar nan kuwa lafiyar mafitsararta ƙalau.

Na wanke hannu, na buɗe kwamfuta, na shiga shafin hukuma. A gurbin jagora na rubuta sunana. A gurbin fanni na ja har ƙasa na zaɓi namu. Na yi bisimilla na danna.

Shafin ya yi ta juyi, sai ga jan rubutu ya fito. Wai an riga an shigar da wata takarda mai kama da wannan kusan kalma da kalma. Wai doka ba ta yarda aiki ɗaya ya shiga layi biyu ba. In ba a janye ɗaya kafin a rufe da magariba ba, duka biyun sun faɗi, kuma za a dakatar da jagororin daga nema.

Na karanta na sake karantawa. Sannan na ɗauki waya.

"Ka shigar da takardata?"

Nan take ya amsa: "Tun jiya. So na yi na ba ki mamaki."

"Ka ba ni. Ni ma yanzu na shigar da tawa, da sunana, a fannina."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Sai kira. Ban ɗauka ba. Sai saƙonni suka fara zubowa. "Kin san me kika yi?" "In aka dakatar da ni, mutum biyar ne suke ci a ƙarƙashina." "Ki janye yanzu, minti ɗaya ne." "Don ke na yi fa." "Gimbiya, don Allah." Na kifa wayar a kan benci na gama robobina tas, na rubuta sakamako, na goge madubi na lulluɓe shi. Zuciyata tana tafasa, idona yana ƙaiƙayi, amma na rantse ba zan yi kuka a gaban tsutsa ba.

Da na iso gida bayan la'asar motarsa tana ƙofa, a karkace, ko fakin ɗin kirki bai yi ba. Ban canza kaya ba. Da rigar aikina ta cikin mayafi da takalmin roba na shiga falo. Yana zaune a ƙasa inda ya zauna ranar Asabar, sai dai yau rigar ta yamutse, ba agogo. Mama tana tsaye a bakin ƙofar kicin. Gwaggo ta tare ni tun kafin na gama sallama.

"Ke wace irin yarinya ce? Mutum ya ɗauki kayanki ya ɗora a kansa, ki bi shi da duka?"

"Yaya, bar ta ta zauna," in ji Baba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya cire tabarau ya ajiye a hannun kujera. "Dakta ya yi min bayani. Ya ce kuskure aka samu, kin manta kun yi magana, yanzu za ki janye taki. Na ce masa ranar nan Yaya ce ta amsa, ba ke ba. Yau daga bakinki nake son ji."

Na ɗaga kai. Ban taɓa kallon Baba ido cikin ido a gaban baƙo ba sai ranar.

"Ban manta komai ba, Baba. Ban ba shi izini ba. Na tura masa ne ya duba min kuskure, ya ɗauka ya canza mata suna ya kai. Ba zan janye ba."

Mama ta saki salati. Dakta ya juyo gaba ɗaya yana kallona.

"Shida ne fa cikin ɗari. Kin fahimci abin da shida yake nufi? Mutum casa'in da huɗu faɗuwa suke yi."

"Na fi ka sani, sau biyu ina cikinsu."

"To za ki rasa aikin, ki rasa bencin, ki ja ni mu faɗi tare. A kan me?"

"A kan abina ne. In zan faɗi, na faɗi da sunana da tsutsata. Kuma ba ni na ja ka ba, kai ka shigo da ƙafarka. Ƙofar da ka bi ka shiga tana nan a buɗe, minti ɗaya ne, kai ka faɗa."

"Kin ji ko?" Gwaggo ta dubi Mama tana tafa hannu. "Miji kamar wannan, za ta sake shi saboda kashin 'ya'yan mutane."

Baba ya nuna wayar Dakta da ke ajiye a kan kafet.

"Ɗana, ka ji ta. Ni ban san dokar hukumarku ba, amma kayan da mai shi ya ce a ajiye, ajiyewa ake yi."

Dakta ya ɗauki wayar a hankali. Ina hango hasken shafin a fuskarsa, ya shiga, ya ja, ya tsaya. Rana ta riga ta sauka daga kan labule, maƙwabcinmu ya fara zuba ruwa a buta. Ya daɗe yatsansa yana sama bai sauke ba. Da ya yi magana muryarsa ta yi ƙasa sosai, kamar mu biyu ne kaɗai a falon.

"Gimbiya, in na janye, maganarmu tana nan?"

Wallahi tausayinsa ya kama ni, son shi bai je ko'ina ba, yana nan daram a ƙirjina. Mama tana yi min alama da ido na ce e. Kalma ɗaya ce, da na faɗa da an wuce wurin.

"Ka janye tukuna," na ce. "Ba zan sayi abina da aure ba."

"Ba ki ba ni amsa ba."

"Ban ba ka ba."

Ya dube ni, ya dubi wayar. Can nesa ladan ya fara gwada lasifika.